Rasuwar Madam Dido ta Unguwar Biafra

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka yi nauyi, Malam Kailu Mai Ɗab'i na unguwar Biafra a Treichville yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan Abidjan da na gida Nijar, rasuwar abokiyar aikinsa ta shekara arba'in da uku, wadda aka fi sani da Madam Dido. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin shagonsu, bayan dogon tsufa da gajeriyar jinya.

Ga waɗanda ba su san ta ba, kuma abin da ya faru kwanan nan ya nuna suna da yawa, marigayiya ba mutum ba ce. Haruffan dalma ne cike da aljihunan katako goma sha biyu, waɗanda ake tsinta ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a jera su, a shafa musu tawada, a danna a kan takarda. Amma duk wanda ya taɓa ce wa Malam Kailu ai ƙarfe ne kawai, ya san daga ranar sai dai ya nemi wani shagon da zai riƙa shan inuwa.

Marigayiya 'yar babban gida ce. Danginta sun fito daga Faransa sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, tana kuma da 'yan uwa a Italiya masu irin tsayinta da irin jin kanta. Ita kanta a cikin akwati ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Abidjan, ta kama aiki wurin wani Bature mai maɗaba'a. A nan Kailu ya same ta. Ya baro Dogon Dutsi da niyyar sayar da albasa kamar kowa, sai rabo ya kai shi wurin Baturen, ya koyi jera haruffa a juye, daga baya zuwa gaba. Ranar da Bature ya sayo sabon inji ya ce a kai tsoffin haruffa bola, Kailu ya ce to, ya kuma tabbatar bolar tana cikin ɗakinsa.

Duk wanda ya ga marigayiya a zamanin ƙuruciyarta zai shaida mace ce mai tsayuwa ƙyam, ba ta jingina, ba ta sunkuyawa. Layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa a jikinta kakkaura ne, baƙi wuluk kamar taɓarya, wanda ya gitta kuwa siriri ne kamar silin gashi. Ba ta san tsaka-tsaki ba. Kowace ƙafa tata tana tsaye a kan ɗan siririn takalmi shimfiɗaɗɗe, wasu haruffan nata kuma, irin su a da c da f da r, suna ƙarewa da ɗan ɗigo mai kama da ɗan kunne. A unguwar da gida ɗaya yake ɗaukar mutum arba'in da famfo guda, ita sai an ba ta fili fari fes dama da hagu, sama da ƙasa, in ba haka ba ta ɓata rai. Ba ta son dogon surutu. In aka cika shafi da ita, ido ya dinga walƙiya ke nan har mai karatu ya ajiye. Aikinta shi ne ta tsaya a sama da girmanta, ta faɗi suna, ta yi shiru.

Kuma ta rufa wa mutane asiri, Allah ne shaida. Hajiya Kande da take haɗa turare a bokiti a bayan kasuwar Adjamé, da zarar an manna wa kwalbarta takarda mai haruffan Madam, sai ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgin Faris. Dillalan fiton kaya na bakin tashar ruwa, waɗanda ofishinsu benci ne a gindin bishiya, in ɗayansu ya miƙo maka kati da sunansa a tsaye cikin wannan baƙi da siriri, sai ka ji kana gyara tsayuwa. Telolin Treichville, da masu suna, da masu aure, da alhazan da suka sauka lafiya, da waɗanda aka yi wa rasuwa, duk ta ƙofarta suka bi. Makwabta sun saba da muryarta. In ana tsintar ta tana cewa ƙyas, ƙyas, ƙyas. In an gama aiki ana mayar da ita aljihu kuwa sai ta ce caras, caras, da sauri, kamar mai tsinta shinkafa a faranti.

Ba za a ɓoye ba, marigayiya tana da zuciya. Wani mai motocin haya a tashar Gare de Bassam ya taɓa nacewa sai an buga masa tikiti da ita, ƙanana ƙanana, a kan takarda mai kaushi irin ta naɗe ƙosai. Malam Kailu ya gaya masa Madam ba ta hawa irin wannan takarda. Ya ce ai kwastoma sarki ne. Aka buga. Siraran layuka suka ƙi fita, lamba huɗu ta zubar da hannuwanta ta koma ɗaya. Washegari mai kujera ta sha ɗaya, da mai ta sha huɗu, da mai ta arba'in da ɗaya, da mai ta arba'in da huɗu suka haɗu a kan kujera guda, kowa da tikitinsa a hannu, kowa kuma da gaskiyarsa. Motar ba ta tashi ba sai bayan la'asar. Mutumin bai sake dawowa ba, Madam kuma ba ta tambayi labarinsa ba.

Aibinta ɗaya ne, shi ma na haihuwa ne: ba ta jin Hausa. A cikin aljihunanta kaf babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ranar da Kailu ya fara buga sanarwar rasuwa da harshen gida, ya ɗaga takarda ya ga an rubuta "bakin ciki". Shi da ya zauna ajin yaƙi da jahilci har ya fito na ɗaya, ya san baki daban, baƙi daban, ya ce ba da hannunsa za a mayar da makokin mutane bakin tumbi ba. Ya kwashi haruffa ya tafi wurin marigayi Ya'u maƙerin zobe. Suka yi sati uku suna yanke kawunan f masu lanƙwasa da ɗigo, suna liƙa wa k da d da b. An yi asarar f goma sha ɗaya a wannan aiki. Abin da ya tsira shi ne ƙananan ƙ uku, ɗ huɗu, ɓ biyu, da babban Ƙ ƙwaya ɗaya tal, wanda Kailu yake naɗewa a auduga yana ajiye shi daban.

Daga nan ne aka kafa dokar shago, cewa kati ɗaya ba ya ɗaukar ƙ fiye da uku. Iyalin mamaci su zo da baƙin ciki da ƙunci da ƙunar rai da ƙaƙa-nika-yi, Malam Kailu ya sa tabarau ya ƙirga, ya ce su yi haƙuri su rage, haƙurin ma kada su rubuta shi domin zai cinye guda. Mutane suna ragewa ba musu, shi kuwa ya ɗauka sun gane dalili. A ransa ya sakankance cewa duk Bahaushen Abidjan ya san a faɗin garin nan shago ɗaya ne ake rubuta harshensa da ƙugiyarsa, kuma shi ya sa suke zuwa. Gaskiya ne ba wanda ya taɓa buɗe baki ya yaba. Kailu ya ce ai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ya ci gaba da jira. Shekara arba'in ta cika, har ta ɗora uku a kai.

A cikin waɗannan shekaru akwai ranar da ba ya son a tuna masa, ranar da ya jera sanarwar rasuwar mai ɗakinsa, Safiyatu. Abokan sana'a sun ce ya bari su yi masa, ya ƙi. Harafi yana kuɓuce masa yana faɗuwa, yana sunkuyawa yana ɗauka. Da takarda ta fito sai ga sunanta a tsaye cak, ba alamar rawar hannu ko kaɗan a jikinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ya kasa tsayuwa ranar, Madam ce ta tsaya masa, kuma tun daga lokacin ya daina jin kunyar a ji shi yana yi mata magana.

Tsufa ya zo mata ta hanya biyu. Iskar lagun, tafkin nan mai gishiri da ya ratsa Abidjan, da danshin damina suka dinga cin siraran layukanta, har e ta fara zubar da ɗamararta tana komawa c. Malam Kailu yana bin su da gilashin ƙara girma, yana ware masu rauni a gwangwanin madara. Ta ɗaya gefen kuma shagunan kwamfuta suka cika Adjamé, inda ake buga kati mai launi bakwai da hoton ango da furanni da tattabaru biyu suna sumbatar juna, duk kafin mutum ya gama cin kwanon garba, rogo da kifin nan na bakin titi. Abin da ya fi ciwo, ɗaya daga cikin shagunan na Nazir ne, ɗan Malam Kailu na cikinsa. Masu aure suka ɗauke ƙafa, masu suna suka bi bayansu. Masu rasuwa ne suka fi daɗewa, su ma don tsofaffi ne suke kawo aikin.

Ciwon ajali ya zo ne a cikin farin ciki. Aisha Humaira, 'yar Nazir, za ta yi aure, ubanta ya riga ya zaɓo mata tattabaru. Yarinya ta tako har Biafra ta ce wa kakanta, "Pépé, ni naka nake so. Naka ya fi chic, ya fi tsari, yanzu irinsa ake yayi." Malam Kailu bai san abin da ya sa tsohon abu ya koma yayi ba, bai kuma tambaya ba. Ya share inji, ya sayo takarda mai santsi da kauri, ya warware babban Ƙ daga audugarsa, domin a tsakiyar kati za a rubuta MANYAN BAƘI, a jero sunayen dattawan da za a karrama a ƙarƙashi. Kati ɗari huɗu. Ya buga na gwaji, ya duba, komai ras. Ya taka inji. Bai yi nisa ba ya ji wani ɗan sauti, ƙis. Ya tsaya ya saurara, ya ce gwiwarsa ce, don ta saba. Wannan ƙis ita ce kalmar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiya.

Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kati ya riga ya zaga Treichville da Adjamé, ya ga guda a hannun wani yana fifita da shi. Ya karɓa don ya ƙara kallon aikinsa. Ƙugiya ta karye. A tsakiyar kati, cikin haruffa mafi kyau a Abidjan, an rubuta MANYAN BAKI. A ƙarƙashi kuma sunan farko na Alhaji Zakari ne, shugaban 'yan albasa, wanda in yana ciniki a wannan bakin kasuwa ake jin farashin a wancan. Na biyu Hajiya Haulatu, wadda ba a taɓa yin sirri a gabanta ya kwana ba. Haka har mutum biyar. Da ƙarya kati ya yi, da da sauƙi.

Malam Kailu ya koma gida, ya sa babbar riga, ya fito da kujera ƙofar shago, ya zauna jiran hukunci. Ya shirya ban haƙuri mai hawa uku. Amma a faɗi gaskiya, a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi da yake jin kunyarsa. Yau dai za a yi maganar ƙugiya. Za su zo da fushi, su ce ina abin nan da ka saba sa mana, shi kuma ya sunkuyar da kai, ya ji da kunnensa cewa sun san da ita. Ya yarda a zage shi a kan haka, har ya ƙagu. Asabar ta wuce. Ranar Lahadi aka ɗaura aure, manyan baki suka zo, suka zauna a kujerun gaba, suka ci shinkafa da kaji, kowa ya riƙe hannunsa ya ce kati ya yi kyau. Ba wanda ya ko harare shi.

Ranar Litinin ya kasa daurewa. Ya hau tasin woro-woro ya ƙetare gada, ya sami Alhaji Zakari a kan buhunan albasa, ya gaisa, ya fito da kati, ya ce ya zo neman afuwa.

Alhaji ya karɓa, ya miƙar da hannu nesa, ya ƙanƙance ido. "Afuwar me, Kailu? Wallahi wannan karon ma ya fi fita tsaf. Har na ce wa mutane injinka ya warke."

"Ya warke daga me, Alhaji?"

"Ɗan dattin nan mana, da yake maƙale wa haruffanka a ka. Ɗigon tawada. Tun katin sunan Bilal ɗana muke ganinsa. Mun zauna mun yi shawara, muka ce kada wanda ya gaya maka. Kailu mutumin kirki ne, inji ne ya tsufa. Mu ai ba ma tona asirin namu a ƙasar mutane."

Malam Kailu ya nemi buhu ya zauna. Ya ce, "Alhaji, ba datti ba ne. Baki daban, baƙi daban. Ku baƙi ne, shi nake rubutawa."

"To ai mun san mu baƙi ne," in ji Alhaji Zakari. "Shekara hamsin muna Abidjan kullum ana tuna mana. Sai kai ma ka sa a kati?" Ya yi dariyar da aka ji a layin 'yan tumatir, ya sa aka ƙulla masa albasa a leda.

Da albasar a hannu ya biya shagon Nazir, ya ba shi labari. Nazir ya tausaya, iyakar yadda ɗan zamani yake tausayawa. "Baba, ça va aller, zai wuce. Y a pas drap, ba matsala, duba ka gani." Ya ciro waya ya danne k da babban yatsa, sai ga ƙ ta ɓullo da ƙugiyarta, ba maƙeri, ba wuta, ba f ko ɗaya da aka yanka. Ya juya kwamfuta ya nuna masa jikokin Madam, masu kauri da siriri irin nata, sun fi ɗari a jere. Malam Kailu ya tambaye shi ko shi yana danne k ɗin in yana rubutu. Nazir ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ba lokaci, kuma ai ana ganewa.

Washegari da hantsi ya buɗe shago, ya ɗauki babban Ƙ ya juya shi a tafin hannu. Ya'u maƙeri ya daɗe a ƙasa, amma ko da yana raye, Kailu bai ga wanda za a sake liƙa ƙugiya dominsa ba. Ya mayar da shi cikin auduga, ya rufe aljihunan nan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya gaya wa mai shayin ƙofar gida cewa Madam ta cika. Likitocin unguwa, wato masu zaman benci, sun yi saɓani a kan musabbabi. Wasu sun ce danshi ne, wasu sun ce kwamfuta. Mai ita ya ce duk ba su ba ne. Kara ce ta kashe ta, irin tamu ta Hausawa, wadda za a ga abu a kanka shekara arba'in a yi shiru don ana ganin girmanka.

Marigayiya ta rasu ta bar tsohon inji mai feda, wanda suka yi zaman aure na shekaru ba a taɓa jin kansu ba, yanzu yana tsaye a lungu an rufa masa zane. Ta bar wuƙar yankan takarda, da rabin gwangwanin tawada da ya fara yin ɓawo. Ta bar jikoki barkatai a cikin kwamfutoci da wayoyi da jikin kwalaben turaren masu kuɗi, waɗanda har zuwa rubuta wannan sanarwa ko ɗaya bai zo gaisuwa ba. Ta kuma bar Malam Kailu, mai shekara saba'in da biyu, wanda yatsunsa har yanzu suke tsintar iska in yana zaune.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. An tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa dalma salla, amma zai zo ya sha shayi a matsayinsa na makwabci. Za a yi wa marigayiya wanka da kananzir kamar yadda aka saba yi mata tana raye. Daga nan motar kaya ta Abdulra'uf mai gwangwan za ta ɗauke ta daga ƙofar shago a Biafra zuwa makwancinta a Adjamé, inda za a narka ta a zuba ta ƙulle-ƙulle, masunta su ɗaura a bakin raga don ta nutse. Ita da ba ta taɓa yarda ruwa ya taɓa ta ba, a lagun za ta ƙare. Masu ta'aziyya su zo da ƙafarsu su ce yako, wato sannu, kamar yadda ake yi a garin nan. Ba a karɓar saƙon waya, musamman mai ɗan hoton fuska tana hawaye.

Mai makoki ya gindaya sharaɗi ɗaya, Abdulra'uf kuma ya amince. Mota ba za ta tashi ba sai an kira azahar. Idan kafin lokacin mutum ɗaya, namiji ko mace, ya zo da tsohon katin da aka buga a shagon, ya ɗora yatsa a kan ƙugiya ya faɗi aikinta, to za a sauke marigayiya a mayar da ita ciki, mota ta koma wayam. Ana roƙon jama'a don Allah kada a yi kara a wannan karon, an riga an kama Nazir yana koya wa mai shayi abin da zai faɗa. Ba a jin tsoron satar amsa duk da an rubuta ta ɓaro-ɓaro a cikin wannan takarda, domin an riga an ga yadda jama'a suke karatu.

Malam Kailu zai zauna a ƙofar shago tun da sassafe, kujerarsa tana fuskantar bakin layi. Ya ce a ajiye masa tabaran karatu a ciki, ranar na hangen nesa zai sa.